Diori Hamani: Shugaban da Ya Iya Duniya, Gida Ya Gagare Shi

Kafin asubahin Litinin 15 ga Afrilun 1974, sojoji suka yi wa fadar shugaban ƙasa da ke Yamai ƙawanya. Ko da gari ya waye an kama Diori Hamani, matarsa Aissa ta rasu cikin harbe-harben da aka yi, Laftanar Kanar Seyni Kountche kuma ya shaida wa jama'a cewa gwamnatin da ta riƙe Nijar tun kafin samun 'yanci ta faɗi. Abin da ya fi juyin mulkin ban mamaki shi ne sauƙin da aka yi shi. Jam'iyyar da ake cewa kowane ɗan ƙasa ɗanta ne ba ta iya fito da jama'a kan titi ba, sarakunan da suka yi shekaru suna tara mata ƙuri'a suka yi gum, sojojin Faransa da ke jibge a birnin kuwa ba su motsa daga barikinsu ba. Har yau in aka tada zancen a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, amsar da aka fi ji ita ce Faransa ce ta kayar da shi don ya nemi a ƙara kuɗin yuraniyom. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, za mu kuma zo kansa. Amma a ganina Diori ya fara haƙa ramin da ya faɗa tun 1959, shekarar da ya haramta adawa, domin daga nan ne ya rasa hanyar da labarin ƙauye zai riƙa iso masa ba tare da an yi masa kwaskwarima ba.

An haife shi ranar 6 ga Yunin 1916 a Soudoure, ƙauyen Zabarmawa da ke kusa da Yamai. Mahaifinsa ma'aikacin lafiya ne a gwamnatin Turawa, abin da ya buɗe masa ƙofar boko a lokacin da 'yan makaranta a Nijar ba su taka kara sun karya ba. Ya yi karatu har makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawunan da za su yi mata aiki a Afirka ta Yamma, kuma inda yawancin waɗanda suka zo suka shugabanci ƙasashen yankin suka fara sanin juna. Ya dawo gida ya koyar, sannan a 1938 aka tafi da shi Paris yana koya wa masu shirin zuwa mulkin mallaka Hausa da Zabarmanci. Wannan zaman ya yi masa rana daga baya. Ya san Bafaranshe a gidansa, ya san yadda ake magana da shi da yadda ake lallaɓa shi, kuma wannan ita ce babbar baiwarsa har ƙarshen mulkinsa.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen Nijar na babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako ƙarƙashin Felix Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa. A shekarar aka zaɓe shi depite a majalisar dokokin Faransa. Ya sha kaye a 1951, ya dawo a 1956, har ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar. Sai dai a tsakanin nan jam'iyyar ta rabu. Lokacin da RDA ta yanke hulɗa da 'yan kwaminisancin Faransa ta koma sasantawa da gwamnati, Diori ya bi Houphouet, ɗan'uwansa Djibo Bakary ya ƙi. Djibo ya koma cikin leburori, direbobi, 'yan ƙwadago da ƙananan 'yan kasuwa, ya gina tafiyar da aka sani da Sawaba, wadda ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa da gabashin Nijar, kuma a manufa ba ta da nisa da NEPU ta Malam Aminu Kano a ƙetaren iyaka. Ya kamata a riƙe wannan da kyau: a zaɓen 1957, wanda aka yi don kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko, ɓangaren Djibo ne ya ci, ba na Diori ba.

Abin da ya juya lamarin shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958. Janar de Gaulle ya ba ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ko su ce “i” su zauna cikin ƙawance da ita, ko su ce “a'a” su tafi nan take ba tare da tallafi ba. Sekou Toure na Gini da Djibo Bakary suka nemi a ce a'a. Gini ta tafi, amma Faransa ba ta da niyyar sakin Nijar. Tana tsakiyar yaƙi a Aljeriya, wadda ke da doguwar iyaka da Nijar, an ga alamun yuraniyom a yankin Agadas tun 1957, kuma akwai tsoron kada ƙasar ta karkata wajen Nijeriya ko Gana ta Nkrumah. Aka turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, aka janye sarakuna daga jikin Djibo da lallashi da barazana, aka baza jami'an gwamnati su yi wa “i” aiki. Sakamakon da aka bayar ya nuna kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce i, alhali waɗanda suka fito zaɓen ba su kai rabin masu rajista ba. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe, ranar 18 ga Disamban 1958 Diori ya zama shugaban gwamnati. Ranar 3 ga Agustan 1960 ya shelanta 'yancin kai, a Nuwamba majalisa ta zaɓe shi shugaban ƙasa.

Wanda ya hau mulki ta irin wannan hanya yana da zaɓi biyu: ya nemi jama'ar da ba su zaɓe shi ba, ko ya rufe musu baki. Diori ya ɗauki na biyu. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya yi gudun hijira, PPN ta zama ita kaɗai a fili. Masu kare Diori suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa a dubi ƙasar da ya gada: faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, mutanenta wajen miliyan uku, ba teku, ba jirgin ƙasa, kwalta ba ta da yawa, yaran da ke makaranta ba su kai biyar cikin ɗari ba. Damagaram ba ta manta an ɗauke mata babban birni an kai Yamai a 1926 ba, Bamaraɗe ya fi sanin hanyar Katsina da Kano kan ta Yamai, Buzayen arewa kuma hankalinsu na Sahara. A irin wannan ƙasa, in ji su, jam'iyyu da yawa ƙabilanci za su zama, ga kuma abin da ya sami Kwango da Nijeriya a shekarun nan. Ban da haka, kusan duk maƙwabta jam'iyya ɗaya suke yi, har da Gini da Gana da Mali waɗanda Sawaba ke kallo a matsayin abin koyi. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, kuma babu tabbacin cewa da Djibo ne ya ci da ya bar PPN ta sha iska.

Amma hujjar haɗin kai tana aiki ne in jam'iyya ɗayar ta zama rumfar da kowa zai shiga ya faɗi damuwarsa. Ta Diori ba ta zama ba. Mulki ya taru a hannun mutum uku, dukansu 'yan yammacin ƙasar: shi kansa, da Boubou Hama shugaban majalisar dokoki kuma jagoran jam'iyya, da Diamballa Yansambou Maiga ministan cikin gida. Kwamitin ƙolin jam'iyya ya yi shekara da shekaru da fuskoki kusan iri ɗaya, aka shafe fiye da shekara goma ba a kira babban taro ba. A 1965 da 1970 Diori ya tsaya zaɓe ba abokin hamayya, aka ba shi ƙuri'u kusan ɗari bisa ɗari, 'yan majalisa kuma jerin suna ɗaya ake kawowa a ce a amince. Depiten da ya san kujerarsa daga Yamai take zuwa, ba daga Tasawa ko Magarya ba, me zai sa ya tashi a majalisa ya ce mutanensa na jin yunwa? Tsarin da aka ce an yi don kashe ɓangaranci sai ya bar Hausawa, waɗanda su ne mafi yawan 'yan ƙasa kuma su ke noman abin da ke kawo kuɗi, suna ganin gwamnati ta wasu ce.

Sawaba ma ta ba da nata gudummawar wajen taurara zuciyar gwamnati. Da aka toshe mata hanyar zaɓe sai ta ɗauki bindiga. A ƙarshen 1964 ƙananan rundunoninta, waɗanda suka sami horo a waje da taimakon Gana da Aljeriya da Sin, suka kutso ta iyakoki suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso da waɗanda ake zargi, wasu ba su fito da rai ba. A Afrilun 1965, ranar Babbar Sallah, wani ya jefa gurneti a filin idi na Yamai inda Diori ke salla. Diori ya tsira, wani yaro ya mutu. Bayan an hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966 Sawaba ta rasa mafaka, barazanarta ta ƙare. Nan ne damar Diori take, kuma nan ne na fi ganin laifinsa. Abokin gaba ya faɗi, ƙasa na hannunsa, gyaɗa na ciniki. Da ya sassauta ya buɗe jam'iyya ga matasan da suka fara dawowa daga karatu, babu abin da zai rasa. Bai yi ba. Dokokin da aka kafa don maganin 'yan tawaye suka zauna daram bayan tawayen ya wuce.

Masu cewa shi ɗan amshin shatan Faransa ne kawai su ma ba su yi masa adalci ba, kuma yaƙin basasar Nijeriya ya isa shaida. Daga 1967 zuwa 1970 Faransa ta de Gaulle tana taimakon Biyafara a fakaice, Kwaddibuwa da Gabon suka amince da ita a fili, kuma Houphouet-Boigny shi ne ubangidan Diori a siyasa, baitulmalin Nijar kuma da tallafin Paris yake cike giɓinsa. Duk da haka Diori ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Yana cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗora wa neman sulhu, tare da Sarki Haile Selassie da Ahmadu Ahidjo na Kamaru, kuma a Yamai aka yi zaman Yulin 1968 wanda jagoran Biyafara Ojukwu da kansa ya halarta. Ba soyayya kaɗai ta sa shi ba, lissafi ne. Ya san gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas, shanun Nijar a kasuwannin Nijeriya ake sayar da su, dangi kuma suna ɓangarorin biyu na iyaka tun daga Birnin Ƙonni har tafkin Cadi. Ya kuma san in aka fara yanka ƙasashe bisa ƙabila, Nijar ba za ta tsira ba. Bayan yaƙin, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya mai mazauni a Yamai, wadda ke nan har yau.

Haka ya yi a sauran fagage. Shi da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya suka yi ta fafutukar haɗa ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma a Yamai aka rattaba hannu kan kafa hukumarsu ta farko ranar 20 ga Maris 1970. A wajen ma bai bi son ran Paris ba, ya jawo gwamnatin tarayyar Kanada ciki, ita kuma ta biya kuɗin hanyar gabas da ta nufi tafkin Cadi, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. A zamaninsa aka gina gadar Kennedy a kan kogin Kwara, aka aza harsashin jami'ar Yamai. Shugaban ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a duniya ya zama wanda ake kira in ana neman mai sasanta rikici. Sai dai yawan tafiye-tafiyen nan na nufin harkar cikin gida ta koma hannun mutanen da ba mai tambayarsu.

A cikin gida kuwa komai a kan gyaɗa ya dogara. Ita ce ke kawo mafi yawan kuɗin da ƙasa ke samu daga waje. A 1962 aka kafa kamfanin gwamnati na SONARA ya riƙe cinikinta: shi ke yanka farashi, dillalan da ya ba lasisi su sayi gyaɗa a hannun manomi, ribar da ke tsakani ta tafi biyan albashin ma'aikata a Yamai. Manomi na karɓar kuɗin gyaɗa da hannun dama, ya miƙa wa mai gari lanho da hagu, makiyayi kuma ga jangali a kan kowace saniya. Don a sami kuɗin haraji sai gyaɗa ta riƙa cin gonar hatsi, aka rage barin gona ta huta, noma ya yi ta matsawa arewa cikin makiyaya duk da dokar 1961 da ta shata masa iyaka. Shekarun farko na 'yanci an sami damina mai kyau, ita ta rufe wannan aibi. Rumbun tsimi da manomi ya saba ajiyewa don shekarar wahala ya yi ta raguwa, ba wanda ya lura a sama.

Daga 1968 ruwa ya fara ɗaukewa, a 1972 da 1973 abin ya kai maƙura. Rijiyoyi suka ƙafe, garken Fulani da na Buzaye suka ƙare a kan hanyar kudu, mutanen da jiya ke da raƙuma da shanu suka tare a sansanin Lazaret da ke bakin Yamai suna jiran a auna musu hatsin agaji, wasu suka tsallaka Sakkwato da Katsina da Kano. Ba Diori ya hana ruwa ba, farin ya kama Sahel gaba ɗaya, daga Muritaniya har Habasha, kuma ya yi ƙoƙarin kai kukan yankin ga duniya. Abin tambaya shi ne me ya sami agajin bayan ya iso. Ga shi akwai hukumar OPVN da aka kafa a 1970 don ajiyar abinci, amma labarin da ya cika gari shi ne hatsin taimako na ɓullowa a kasuwa da tsada, manyan jam'iyya na da hannu, masu karɓar haraji kuma ba su daina zagayawa ba. Ana ta tsegumin gidajen da uwargidan shugaban ƙasa ta mallaka a Yamai tana ba baƙi haya. Ko an ƙara gishiri a wasu zarge-zargen, babu jarida mai zaman kanta da za ta bincika, babu ɗan adawa a majalisa da zai tambaya, don haka babu abin da zai wanke gwamnati ko ya gyara ta. Waɗanda kaɗai suka ɗaga murya su ne ɗalibai da malaman makaranta, aka amsa musu da kulki da kamu. Sojojin da aka tura ƙauyuka su ne suka ga abin da idonsu, suka kwatanta shi da abin da ake faɗa a Yamai.

Yanzu sai batun yuraniyom. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971, kuma rabon Nijar bai taka kara ya karya ba. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, Faransa ta yanke shawarar dogara da makamashin nukiliya, Diori ya ga dama ta samu. Ya nemi a daina yi wa yuraniyom farashi kamar sauran duwatsu, a auna shi da ƙarfin wutar da yake bayarwa, ya kuma nemi haɗa kai da Gabon. A Maris 1974 tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guena ta zo Yamai aka tashi ba a daidaita ba, ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Pompidou ya rasu, mako biyu bayan haka aka yi juyin mulki. Ga kuma yarjejeniyar tsaro ta 1961 da ke tsakanin ƙasashen biyu, ga misalin Gabon inda a 1964 sojojin Faransa suka mayar da shugaba Leon Mba kan kujera cikin kwana biyu. Wanda ya haɗa waɗannan ya yi zargi bai yi wauta ba. Abu ne a fili cewa Faransa tana iya ceton Diori, ba ta yi ba.

Amma ƙin ceto daban, kitsa juyin mulki daban. Kountche da ake cewa yaron Faransa ne, cikin 'yan makonni ya nemi sojojinta su tattara su bar ƙasar, kuma bai janye neman ƙarin kuɗin yuraniyom ba. Hafsoshin Nijar suna da nasu ƙorafin: an mai da su masu rakiyar haraji, ana fifita mayaƙan jam'iyya a kansu, ga yarjejeniyar tsaro da Diori ya ƙulla da Libiya ta Gaddafi ba da shawararsu ba. Kuma ko a ce da hannun baƙo a ciki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Gabon Faransa ta dawo da mutum cikin ƙasar da ba ta yunwa. A Nijar ta 1974, dawo da Diori na nufin harbin sojojin da jama'a suka karɓa hannu bibbiyu, saboda abin da suka fara yi shi ne buɗe rumbunan gwamnati, raba hatsi, da sakin fursunonin siyasa. Cewa Kountche ya zo ya kafa nasa mulkin mai tsanani, har ya ɗaure Djibo Bakary a 1975 bayan ya bar shi ya dawo gida, wannan bai canza dalilin da ya sa aka yi murna a ranar farko ba.

Diori ya yi shekara shida a tsare, yawancinsu a Damagaram, ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba. A 1980 aka mai da shi ɗaurin talala a Yamai, sai bayan rasuwar Kountche a 1987 magajinsa Ali Saibou ya sake shi gaba ɗaya. Ya koma Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilun 1989 yana da shekara 72. Nijar ta sa wa babban filin jirgin samanta sunansa, kuma ya cancanta, don shi ya riƙe ƙasar a dunƙule shekarun da maƙwabta ke wargajewa. Yunwar 1973 kuwa, da yadda gwamnatinsa ta kasa jin kukan masu ita, wannan ba a wuyan Faransa yake ba, a wuyansa yake.